Yadda Ake Auna Ingancin Amfani da Makamashi na Ƙasa Domin Nazarin Tattalin Arziki

Ɗalibin tattalin arziki ko ma'aikacin sashen tsare-tsare da aka ce ya auna yadda ƙasa ke alkinta makamashinta, yawanci abin da yake fara yi shi ne ya ɗauko jimillar makamashin da ƙasar ta sha a shekara, ya raba da GDP, wato darajar duk kaya da ayyukan da aka samar a cikin ƙasar a wannan shekara. Lambar da ta fito ita ce ma'aunin shan makamashi: megajul (awon makamashi, jul miliyan 1) nawa aka ƙona kafin a samar da arzikin dala ɗaya. Da ita Majalisar Ɗinkin Duniya ke bin sawun ƙuduri na 7.3 cikin Muradun Ci Gaba Mai Ɗorewa da aka amince da su a 2015, wanda ya nemi a ninka saurin inganta amfani da makamashi kafin 2030. Tsakanin 1990 da 2010 ma'aunin duniya yana sauka da kimanin kashi 1.3 cikin 100 a shekara, shi ya sa aka tsayar da buri a kan kashi 2.6. A taron sauyin yanayi na COP28 da aka yi a Dubai a Disambar 2023 kuwa aka ɗaga shi zuwa kashi 4.

Wannan lamba tana da amfani, kuma za mu fitar da ita. Amma ita kaɗai ba ta gaya maka ko ƙasa na tsimin makamashi ko ba ta yi. Gidan da ake ɗora tukunya sau ɗaya a yini bai fi maƙwabcinsa iya tsimin itace ba, abinci ne babu. Haka ƙasar da masana'antunta suka durƙushe, ko wadda wuta ba ta isar jama'arta, za ta iya fitowa da lamba mai kyau a takarda. Saboda haka aikin kashi biyu ne: a haɗa lambar da kyau, sannan a farke ta a ga abin da ke ciki. Zan riƙa kawo misali da Najeriya, domin alƙalumanta sun tara kusan duk ramukan da mai wannan aiki ke faɗawa.

Mataki na farko: tsayar da tambayarka

Kafin ka buɗe kwamfuta, rubuta tambayar a layi ɗaya. Kana so ka kwatanta Najeriya da Ghana a shekara guda ne, ko kana so ka ga yadda Najeriya ta canza cikin shekara 20? Ko hasashen buƙatar makamashi na gaba kake nema? Amsar ita za ta zaɓa maka irin kuɗin da za ka auna GDP da shi da irin makamashin da za ka tara.

Makamashi iri biyu ake tarawa. Akwai na asali, wato ɗanyen mai, iskar gas, kwal, itace da ƙarfin ruwa kafin a sarrafa su. Akwai na ƙarshe, wanda ya isa hannun mai amfani: fetur a tankin mota, wuta a mitar gida, gawayi a kurfoti. Bambancin da ke tsakaninsu shi ne abin da ya salwanta a matatar mai, a tashar lantarki, a kan wayoyi da ramin ƙona gawayi. In ƙasa gaba ɗaya kake aunawa, ɗauki na asali, domin shi ne ya haɗa da waccan asara. In sassa kake dubawa, kamar masana'antu ko sufuri, ɗauki na ƙarshe. Kada ka gauraya su a jadawali ɗaya.

Mataki na biyu: tara makamashin, ka mayar da shi awo ɗaya

Lissafin makamashin asali haka yake: abin da aka haƙo ko aka samar a cikin gida, a tara da wanda aka shigo da shi, a debe wanda aka fitar waje, a debe man da jiragen ruwa da na sama masu zuwa ƙasashen waje suka sha, sannan a daidaita da abin da ya ƙaru ko ya ragu a rumbunan ajiya. Wannan shi ne tsarin da Sashen Ƙididdiga na Majalisar Ɗinkin Duniya da Hukumar Makamashi ta Duniya, IEA, mai hedikwata a Paris, suke bi. Ka lura da abu biyu. Ɗanyen man da Najeriya ke sayarwa waje an debe shi, ko da yake kuɗinsa na cikin GDP. Iskar gas da ake ƙonawa a banza a rijiyoyin mai na yankin Neja Delta kuma ba ta shiga lissafin tun farko, domin ƙa'ida ta ce wadda aka ƙona ko aka saki a iska ba a ƙirga ta cikin abin da aka samar. Wannan ɓarna ce babba da ma'aunin ba ya gani, don haka in ta shafi nazarinka, ka kawo alƙalumanta daban daga rahoton da Bankin Duniya ke fitarwa kowace shekara.

Alƙaluman kansu a warwatse suke. Na fetur, dizal, kananzir da gas ɗin girki suna wajen hukumar NMDPRA, na haƙar mai da iskar gas suna wajen NUPRC, dukansu biyun dokar masana'antar man fetur ta 2021 ce ta kafa su. Na lantarki suna cikin rahoton da hukumar kula da harkar lantarki, NERC, ke fitarwa duk wata uku. Hukumar Makamashi ta Najeriya, ECN, da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, su ma suna da nasu. In kana son lambar da aka riga aka haɗa don ka gwada da taka, rumbun bayanan Bankin Duniya yana da ita a ƙarƙashin lamba EG.EGY.PRIM.PP.KD.

Kowace hukuma da awonta: wannan lita, waccan tan, wata kilowat-awa. Sai ka mayar da su duka jul. Kilowat-awa 1 daidai yake da megajul 3.6. Fetajul 1 megajul biliyan 1 ne, kuma da shi ake rubuta jimillar ƙasa. In ka ga an rubuta awo da tan na kwatankwacin mai, kowane tan gigajul 41.868 ne, gigajul 1 kuma megajul 1,000 ne. Ga kilo ɗaya na kowane abin ƙonawa, ƙimar da kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya bayar a jagoransa na 2006 ita ce: fetur megajul 44.3, dizal 43, kananzir 43.8, gas ɗin girki 47.3, gawayi 29.5, itace 15.6. Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne lita da kilo. Litar fetur ba ta kai kilo ba, kimanin giram 740 ce, don haka tana ɗauke da wajen megajul 33. Litar dizal ta fi nauyi, wajen megajul 36. Wanda ya ninka litoci da ƙimar kilo kai tsaye ya kumbura fetur ɗinsa da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Lantarkin da ba a ƙona komai aka same shi ba yana da tasa ƙa'idar. IEA tana ƙirga wutar da madatsun Kainji, Jebba, Shiroro da Zungeru suka bayar a matsayin makamashin asali kai tsaye, kilowat-awa 1 a megajul 3.6. Tashar gas irin Egbin ta Legas kuwa gas ɗin da ta ƙona ake ƙirgawa, wanda ya ninka wutar da ta fitar kusan sau uku. Ke nan shekarar da damina ta yi kyau, madatsu suka ba da wuta da yawa, ma'aunin zai ɗan sauka ba tare da wani ya canza ƙwan fitila ko ɗaya ba. Rahoton kamfanin BP ya daɗe yana bin wata hanya daban, inda ake ƙiyasta man da da an ƙona don samun wannan wuta. Ka zaɓi hanya ɗaya, ka rubuta ta a saman jadawalinka, ka tsaya a kanta.

Shigo da wuta daga waje ma haka yake. Kafin juyin mulkin Yulin 2023, Nijar na samun mafi yawan lantarkinta daga Najeriya. A littafin Nijar wutar kaɗai ke bayyana, asarar samar da ita tana littafin Najeriya. Duk lokacin da kamfanin lantarkin Nijar, NIGELEC, ya koma kan tashoshinsa na dizal, makamashin asalin Nijar zai ƙaru ko da wutar da ta isa gidaje ba ta ƙaru ba. Irin wannan ne ke faruwa da matatar Dangote da ta fara aiki a 2024: makamashin da tace mai ke ci, wanda a da yake littafin ƙasashen da ake sayo fetur daga gare su, yanzu ya dawo gida.

Mataki na uku: duba wurare uku da alƙaluman ke da rauni

A nan ne nake ganin ya kamata mai nazari ya fi ɓata lokacinsa, domin a nan lamba ke iya karkata ba a sani ba.

Na farko itace da gawayi. Ba mita a murhu, kuma mai sayar da itace a bakin hanya ba ya aika wa kowa rahoto. Yawanci ƙiyasi ake yi: a ɗauki abin da ake zaton mutum ɗaya na ƙonawa, a ninka da yawan jama'a. Yawan jama'ar shi ma ƙiyasi ne, tunda rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006. Lambar da aka haɗa haka tana tafiya ne da yawan haihuwa, ba za ta taɓa nuna maka cewa mata sun koma murhu mai tsimin itace ba. Ga shi kuma kasonta cikin jimillar makamashin ƙasa ba kaɗan ba ne. Dabarar ita ce ka fitar da ma'aunin sau biyu, ɗaya da itace da gawayi, ɗaya babu su, ka nuna duka biyun. Sannan ka gwada ƙiyasin da binciken gidaje, kamar binciken yanayin rayuwa na NBS na 2018 zuwa 2019 ko binciken lafiya na DHS, waɗanda ke tambayar da me ake girki.

Don ka ga girman abin, ɗauki tukunyar gas mai kilo 12.5. Tana ɗauke da megajul 591. Murhun gas na isar da wajen kashi 55 cikin 100 na zafinsa ga tukunya, wato megajul 325. Murhu mai duwatsu uku kuwa kashi 10 zuwa 15 kawai yake isarwa, sauran ya bi iska. In muka ɗauki kashi 12, sai an ƙona itace kusan kilo 174, wato megajul 2,700, kafin a dafa abincin da tukunyar nan ɗaya za ta dafa. Gidan da ya bar itace ya koma gas ya rage makamashinsa na girki fiye da ninki huɗu, tuwon kuma bai ragu ba. Wannan shi ne ingancin gaske, kuma in alƙalumanka na itace ƙiyasin kai-da-kai ne, za ka ga gas ya ƙaru a jadawali, itace bai ragu ba, har ka ɗauka abin ya lalace ne.

Na biyu janareta. Mai shagon walda, mai injin niƙa, mai aski da mai sayar da ruwan sanyi duk a gidan mai suke sayen fetur ko dizal a jarka, kuma a littafi sau da yawa man na faɗawa cikin sashen sufuri. Sai sufuri ya zama kamar mashayin mai, ƙananan sana'o'i kuma kamar ba sa shan komai. Ƙaramin janareta da wuya ya ba ka kilowat-awa 2 daga litar fetur, wato megajul 7 daga cikin 33, alhali tashar gas ta zamani mai sake amfani da zafin hayaƙinta na wuce kashi 50. Ka ware wani kaso na fetur da dizal ka mayar da shi ɓangaren samar da wuta, ka faɗi hujjar kason da ka zaɓa, ka kuma gwada sakamakon da kaso mafi girma da mafi ƙanƙanta.

Na uku man da ke tsallaka iyaka. Lokacin da ake biyan tallafin fetur, farashinsa a Najeriya ya yi ƙasa sosai da na Nijar, Benin da Kamaru, kuma 'yan fasa-ƙwauri sun yi ta jigilarsa. Alƙaluman hukuma na nuna abin da aka loda daga daffo, ba abin da aka ƙona a cikin ƙasa ba. Bayan cire tallafin a ranar 29 ga Mayun 2023 adadin ya sauka, amma saukar ta haɗa abubuwa uku: raguwar fasa-ƙwauri, mutanen da suka ajiye motocinsu saboda tsada, da kuma waɗanda suka canza zuwa abin da ya fi tsimi. Na ƙarshen ne kaɗai inganci. Ka sa alama a kan 2023 a jadawalinka, ka bayyana cewa silsilar alƙaluman ta karye a nan.

A ɓangaren lantarki, asarar da kamfanonin rarraba wuta ke bayyanawa ta haɗa wutar da ta salwanta a waya da tiransifoma da wadda aka sha ba a biya ba. Ta farkon ce kawai asarar makamashi. Ta biyun an yi amfani da ita, kuɗinta ne bai shigo ba.

Mataki na huɗu: zaɓi GDP ɗin da ya dace

Kada ka taɓa amfani da GDP na farashin shekarar da ake ciki. Hauhawar farashi za ta kumbura shi, ma'aunin ya yi ta sauka kamar ana samun ci gaba. In ƙasa ɗaya kake bi tsawon shekaru, ɗauki GDP na tsayayyen farashi a kuɗin ƙasar. In ƙasashe kake kwatantawa, ɗauki dalar ƙarfin saye, PPP, wadda ke daidaita bambancin tsadar kaya tsakanin ƙasashe, ita ma ta tsayayyen farashi, mai lamba NY.GDP.MKTP.PP.KD a rumbun Bankin Duniya. Dalar kasuwar canji ba ta yi wannan aiki ba. A farkon 2023 ana canjin dala a hukumance a wajen naira 460, a 2024 ta haura 1,400. Wanda ya raba makamashi da GDP na dalar kasuwa zai ga kamar Najeriya ta lalace ninki biyu cikin shekara guda, alhali injinan da murahun nan su ne dai.

Sai batun sabunta shekarar tushe, wato shekarar da ake lissafa GDP da farashinta. A Afrilun 2014 NBS ta matsar da tushen lissafinta daga 1990 zuwa 2010, ta shigar da sassa irin su sadarwa da fina-finai yadda ya kamata, sai GDP na 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa 510. Wanda ya ɗinka tsohuwar silsila da sabuwa zai ga ma'aunin shan makamashi ya faɗi kusan rabi dare ɗaya. An sake sabuntawa a 2025, aka koma tushen 2019. Ka nemi silsilar da hukumar ta sake lissafawa baya. In ba ta kai shekarun da kake so ba, ɗauki sabon adadin, ka ja shi baya da kason bunƙasar tsohuwar silsila shekara-shekara.

Dalar ƙarfin saye ita ma ana sabunta ta. Rahotannin da suka yi amfani da farashin 2017 sun ba duniya wajen megajul 4.6 a kowace dala, waɗanda suka koma farashin 2021 suka ba da ƙasa da 4. Yawancin wannan tazara daga canjin dalar take. Kullum ka duba shekarar da aka rubuta a jikin awon.

Mataki na biyar: raba, ka fitar da saurin canji

Wannan shi ne mai sauƙin. Raba makamashin kowace shekara da GDP ɗinta. Don sanin saurin canji, raba lambar ƙarshe da ta farko, ka ɗaga sakamakon zuwa ƙarfin 1 bisa yawan shekarun, ka debe 1. In ma'auni ya sauka daga 5.2 zuwa 4.55 cikin shekara 10, ka samu 0.875, wanda ke nufin saukar kashi 1.3 cikin 100 a shekara. Kada ka fara ko ka ƙare da shekarar da tattalin arziki ya ja baya, kamar 2016 ko 2020. Ya fi kyau ka ɗauki matsakaicin shekara uku a kowane ƙarshe.

Mataki na shida: farke lambar gida uku

Makamashin ƙasa na canzawa ne saboda dalili uku: tattalin arzikin ya girma, ko fasalinsa ya canza daga sassa masu shan makamashi zuwa marasa sha, ko kuma kowane sashe ya koyi yin aikinsa da ƙasa da abin da yake ƙonawa a da. Hanyar da aka fi amfani da ita wajen raba su ita ce LMDI, wadda Farfesa B. W. Ang na Jami'ar Ƙasa ta Singafo ya yi fice wajen bunƙasa ta. Abin da ya sa ake sonta shi ne ba ta barin saura, gidajen uku na haɗuwa su ba da jimillar daidai.

Ga misali na koyo, alƙaluman ba na wata ƙasa ba ne. A shekarar farko masana'antu sun samar da dala biliyan 40, suna shan megajul 10 a kowace dala, wato fetajul 400. Kasuwanci da sauran ayyuka sun samar da biliyan 60 a kan megajul 2, wato fetajul 120. Jimilla fetajul 520 a kan biliyan 100, ma'auni 5.2. Bayan shekara 10 masana'antu sun koma biliyan 36 a kan megajul 10.5, wato fetajul 378. Ayyuka sun kai biliyan 84, har yanzu a kan megajul 2, wato 168. Jimilla 546 a kan biliyan 120, ma'auni 4.55. A ido, ƙasar ta inganta da kashi 12.5 cikin 100.

Yanzu buɗe Excel. Ga kowane sashe ka fitar da nauyinsa: makamashin ƙarshe a debe na farko, a raba da logarizim, wato LN, na ƙarshe bisa na farko. In na farko na A2, na ƙarshe na B2, rubuta =(B2-A2)/LN(B2/A2). Masana'antu za su ba ka 388.9, ayyuka 142.7. Tasirin girma shi ne LN na 120 bisa 100, a ninka da jimillar nauyin biyu, ya ba da ƙarin fetajul 96.9. Tasirin fasali: kason masana'antu ya sauka daga 0.4 zuwa 0.3, na ayyuka ya hau daga 0.6 zuwa 0.7. Ka ɗauki LN na sabon kaso bisa tsoho, ka ninka da nauyin kowane sashe, ka tara, za ka samu ragin 89.9. Tasirin inganci: LN na 10.5 bisa 10 sau 388.9 ya ba da ƙarin 19, na ayyuka sifili. Haɗa su: 96.9 a debe 89.9 a tara 19, ya zama 26, daidai da 546 a debe 520. In naka bai haɗu ba, akwai kuskure a wani gida, koma ka nemo shi.

Dubi abin da ya fito. Ƙasar da aka ce ta inganta da kashi 12.5, babu sashe ko ɗaya a cikinta da ya inganta, masana'antunta ma baya suka ci. Duk saukar daga ƙanƙancewar masana'antu ta zo. Wanda ya san yadda masaƙun Kakuri a Kaduna suka rufe ɗaya bayan ɗaya, da yadda aiki ya ja baya a Sharaɗa da Bompai a Kano, yayin da kamfanonin waya da bankuna ke bunƙasa, ya san wannan ba labarin takarda ba ne kawai. Ina ganin bai halatta mai nazari ya miƙa wa masu tsara manufa lambar farko ba tare da wannan rabe-raben ba, domin za su iya murna da abin da ya kamata ya tayar musu da hankali.

Iya yawan sassan da ka raba, iya kusancinka da gaskiya. In alƙaluma sun ba da dama, ware siminti, ƙarafa, taki, abinci da saƙa daban-daban. Gidaje da motocin kai ba su da GDP nasu, don haka kada ka raba makamashinsu da dala. Na gidaje a raba da yawan gidaje, na sufuri da yawan fasinja ko tan na kaya sau kilomita.

Mataki na bakwai: gwada da awon da ake taɓawa da hannu

Kuɗi na iya ruɗi, domin farashin kaya na hawa ya sa sashe ya zama kamar ya inganta. Shi ya sa ake neman awon zahiri: gigajul nawa ne tan ɗaya na kilinka, wato ƙonannen dutsen da ake niƙawa ya zama siminti. Murhun zamani na busasshiyar hanya na cin gigajul 3 zuwa 3.5, tsohon na jiƙaƙƙiyar hanya yana haura 5. Rahoton shekara na kamfanonin da ke da masana'antu a Obajana, Ashaka da Kalambaina wuri ne mai kyau na fara nema. Haka gas ɗin da tasha ta ƙona kan kowane kilowat-awa, da litar da tirela ta sha a kilomita 100. Ƙasashen Turai na tara irin waɗannan su haɗa ma'auni ɗaya mai suna ODEX. Ko sassa uku kawai ka samu, sun isa su nuna ko tasirin ingancin da ka fitar a mataki na shida na tafiya inda ya kamata.

Mataki na takwas: shigar da shi cikin nazarin tattalin arziki

Abu na farko da za ka iya fitarwa shi ne yadda buƙatar makamashi ke bin bunƙasa: kason ƙaruwar makamashi a raba da kason ƙaruwar GDP. A misalinmu kashi 5 bisa kashi 20, wato 0.25. Amma kada ka ɗauki wannan 0.25 ka yi hasashen shekara 10 masu zuwa da shi in gwamnati na shirin farfaɗo da masana'antu, tunda canjin fasali ne ya haifar da shi, kuma fasalin ne ake so a juya. Hasashe a yi shi sashe-sashe.

In za ka mayar da tsimi kuɗi, tasirin inganci kaɗai za ka ɗauka, ka ninka kowane irin makamashi da farashinsa na gaskiya, wanda babu tallafi a ciki. Sannan ka rage wani abu saboda komawar da amfani ke yi. Tun 1865 masanin tattalin arziki na Ingila William Stanley Jevons ya lura cewa da injinan tururi suka rage cin kwal, sai amfani da kwal ya ƙaru, domin aikin ya yi araha. Ƙwan LED mai wat 9 na ba da hasken tsohon ƙwai mai wat 60, kuma gidan da a da ɗaki ɗaya yake haskawa yanzu zai sa har a zaure da tsakar gida. A inda buƙata ba ta biya ba tukuna, wannan komawa tana da girma, kuma alheri ce ga mutanen gidan, sai dai tsimin da za ka rubuta ya ragu.

In lissafin dangantaka za ka yi tsakanin ƙasashe, ka tuna GDP na cikin ma'aunin, tunda da shi aka raba. Gwada shi da GDP na kowane mutum zai nuna alaƙa ko da kuskuren awo ne kawai ya haifar da ita. Ya fi aminci ka sa makamashin kansa a matsayin abin da ake bayani a kai, GDP, farashi, yanayin zafi da kason masana'antu su zama masu bayanin. Ka kuma duba ƙasashen da lambarsu ta fita daban da saura kafin ka saka su. Aisilan na da ma'auni mai tsawo saboda masana'antun narka alminiyam da kuma ƙa'idar da ke ƙirga wutar zafin ƙarƙashin ƙasa a kan ingancin kashi 10 kawai. Ailan kuwa nata ya yi ƙasa sosai, domin manyan kamfanonin waje na rubuta ribarsu a can, har GDP ɗinta ya yi tsalle da kusan kashi 25 cikin 100 a 2015.

A rahotonka, jadawalin farko ya ɗauki ma'aunin da itace da kuma babu itace, kusa da shi makamashi da lantarkin da ke kan kowane mutum, don mai karatu ya bambance tsimi da rashi. Na biyu ya ɗauki gidajen nan uku na LMDI. A ƙarƙashin kowanne ka rubuta shekarar tushen GDP, shekarar dalar ƙarfin saye, hanyar ƙirga wutar madatsu, kason man da ka ba janareta, da shekarun da silsila ta karye. Ka ajiye fayil ɗin Excel da lissafinsa a buɗe, domin duk lokacin da NBS ko IEA suka gyara alƙaluman baya, sai an sake bin ginshiƙan daga mataki na biyu.